Wata Huɗu Na Hana Inna Nono

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya tashi kafaɗun mahaifiyata bayan mun riga mun fara yi mata kallon ban kwana. Na daɗe ina son in rubuta yadda jinyarta ta kasance, amma duk sanda na ɗauki biro sai haushi ya hana ni. Haushin dangi, haushin layin asibiti, da haushin kaina wanda ya fi su duka. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne na ji ana yaɗawa a unguwarmu wai jiƙon saiwa ne ya warkar da Inna, har wata maƙwabciya ta aiko a tambaye ni sunan saiwar, domin surukarta ma idonta ya canza. Idan na yi shiru, alhakin wannan tsohuwar ma a wuyana zai rataya.

Sunana Rabi, ɗinki nake yi a cikin gida a garin Isa, maigidana kuma mahauci ne. Inna tana zaune a ƙauyenmu wajen Turba, tare da yayana Garba da iyalinsa. Mace ce da ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Ranar kasuwa a ƙasa take takowa har Isa, ta ƙi hawa babur, wai Allah bai ba ta ƙafa don ta ajiye ba. Ta iso, ta duba jikoki, ta yi mini faɗa kan yadda nake ɓarnar itace, ta koma kafin la'asar. Duk wanda ya san Inna da ƙafarta ya san ta.

Abincinta tun tana yarinya fura ce da nono. Tana da wata ƙawa Bafulatana, Dija, mu muna ce mata Nene, rugarsu na bayan gonarmu. Shekara da shekaru Inna na ba ta gero tana ba Inna nono, ba ciniki ba awo. Sai damina uku a jere ruwa ya yi mana rowa. A ta farko gero ya fid da kai ya tsaya nan. A ta biyu ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya wuce, su Nene suka kaɗa abin da ya rage na shanu suka yi kudu. Daga ranar Inna ta koma dama fura da ruwan tsamiya. Kajin gida aka riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya ana auno hatsi. Ƙwai dama ba a cin sa a gidanmu, ko na ƙyanƙyasa ne ko na kasuwa. Nama sai Sallah, kuma ko an sa mata a kwano jikoki take miƙa wa, ta ce haƙoranta sun gaji. Ganyen ma da ake samu ɗanye a da, rama da zogale da tafasa, ya koma sai busasshe, a dafa shi da kanwa har ya fita hayyacinsa. Ba wanda ya ga abin damuwa a nan, tunda ciki yana cika.

Bayan kaka ta shekara ta uku, in ma za a kira ta kaka, Inna ta daina zuwa kasuwa. Na aika a tambaya, aka ce gajiya ce. Ashe tsakanin rijiya da gida sai ta huta sau biyu. Harshenta ya yi ja ya yi sumul, ko ɗan yaji ya taɓa shi sai ta yi hawaye. Ta ce tafin ƙafarta kamar kiyashi na yawo a ciki, kuma idan ta miƙe zuciyarta na bugawa har cikin kunne. Da Yaya Garba ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ɗauko ta a babur ya kawo mini. Ganin Inna a bayan babur kaɗai ya isa ya tsinka mini zuciya.

Washegari Gwaggo Ige ta iso. Yayar marigayi babanmu ce, a nan Isa take, kuma a danginmu ita ce likita, ita ce alƙali. Ba a yanke wa jariri cibi, ba a wanke gawa, sai an ji ta bakinta. Ta zauna gaban Inna, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa. Cikin fatar fari fat, farin idon kuwa ya ɗan yi rawaya.

“Wagga shawara ta,” in ji Gwaggo. “Kuma ta daɗe cikin jiki. Rabi, in kina son uwakki, ki buɗe kunne.”

Na buɗe kunne, har da baki. Kowa a ƙasarmu ya san dokar ciwon shawara: mai shi ba ya cin nama, ba ya cin mai, ba ƙwai, ba kifi, ba gyaɗa, ba nono. Gwaggo ta lissafa su da yatsu, ta ƙara da cewa ko ludayin da ya taɓa miya mai maiƙo kada ya shiga tukunyar Inna. Ta ce ta san wata a Bafarawa da ta kusa warkewa, aka ba ta romo cokali ɗaya, da azahar aka yi jana'izarta. Ban tambayi sunan matar ba, ban tambayi ko wa ya gani ba. Da yamma ta aiko da saiwar rawaya da ganyen gwanda a jiƙa, a sha safe da maraice.

Ni mutum ce mai zafin bin doka, duk wadda ta taɓa kawo mini ɗinki ta sani. Na ware wa Inna tukunyarta, da ludayinta, da kwanonta. Tuwo da miyar kuka lami, sai kunu, sai farau-farau. Na zama ɗan doka a bakin murhu.

Ga abin da har yau idan na tuna nake jin kamar in fasa ihu. A shekarun nan makiyaya suna ta sayar da ramammun shanu da araha kafin su mutu a hannunsu, don haka gidan mahauci bai rasa nama ba. Kusan kullum maigidan zai shigo da hanta da ƙoda a ƙunshe. Inna ta yi shekara uku rabonta da ƙoshin nama, Allah ya kawo ta gidan da hanta ke kwana, ni kuma na tsaya a tsakani. Ƙamshin suya yana shiga har ɗakin da take kwance. Ba ta taɓa cewa uffan ba, domin naman na suruki ne, kuma Inna ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, balle ta buɗe baki ta ce tana marmarin abin da ya kawo. Sau ɗaya maigidan ya ce mini a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, ko za a ɗan gasa wa Inna hanta, ya ga ta yi fari da yawa. Na ce masa shi sanin nama ya yi, ba sanin ciwo ba. Bai sake tayar da zancen ba.

Kada a ce ban nemi na asibiti ba. A sati na biyu na je wurin wani mai kemis na kwatanta masa. Bai ga Inna ba, bai tambayi komai ba, ya ce ƙarancin jini ne, ya miƙo kwalbar maganin ƙarin jini, irin mai ƙarnin tsatsa. Inna ta shanye kwalba uku. Abin da muka samu shi ne bayan gida ya yi baƙi ya kuma yi tauri. A sati na biyar na kai ta wani ɗan shago da ake gwajin jini, suka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, kamar yadda suke gaya wa duk wanda ya leƙa, ina jin ko akuya aka kai musu haka za su ce. Aka yi allurai, aka sha ƙwayoyi, Inna na nan jiya i yau.

Masu zuwa dubiya kuwa ba a magana. Kowa da kwalbarsa a hammata. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce ta fadama, wata ta ce a haɗa maltina da madarar gwangwani, Gwaggo ta ji an ce madara ta kusa cinye matar ɗanya. Na dafa musu abinci, na shimfiɗa musu tabarma, su zauna su cinye naman da aka hana mai jinya suna yi mata sannu da baki cike.

A wata na biyu tafiyar Inna ta canza. Ta fara buɗe ƙafafu tana dafa bango, tana kallon ƙasa kafin ta taka. Ta ce ji take kamar a kan auduga take tafiya. Ta fara mantuwa, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Gwaggo ta ce shawarar ce ke sauka ƙasa za ta fita ta ƙafa, alamar nasara ce, a ƙara yawan jiƙo. Na ƙara.

A wata na uku, ranar wata kasuwa da hantsi, aka yi sallama. Nene Dija ce. Ta rame ta yi baƙi, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Sun dawo da 'yan shanun da suka tsira zuwa wani wuri mai ɗan nisa, ta ji labari a bakin wani, ta tatso abin da ta samu ta kwana biyu tana tarawa. Ta buɗe faifan, kindirmo ne mai kauri da curin man shanu a tsakiya. Na san a shekara irin wannan ƙwaryar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ta shiga ɗaki, suka riƙe hannun juna ita da Inna suna ta gaisuwa ba mai son saki. Sai ta ce in kawo ludayi.

Na ce mata an hana, shawara ce.

“Ɗiyata,” in ji Nene, “mu da nono muke jinya tun kakanninmu. Dubi uwakki Kulu yadda tak koma. Bar ta ta kurɓa.”

Na ce ta yi haƙuri, ba ni iyawa. Sai Inna, wadda wata uku ba ta roƙe ni komai ba, ta ɗago kai daga matashi.

“Rabi,” ta ce, “ludayi guda ɗai.”

“Inna, so kike ki mutu ki bar ni da bakin Gwaggo? Ki yi haƙuri har ki samu lahiya, sannan ki sha ƙwarya goma.”

Na ɗauke ƙwaryar na fita da ita. 'Ya'yana suka shanye a bakin ƙofar ɗakin, tana jin ƙarar ludayinsu. Nene ta karɓi ƙwaryarta a wanke ta tafi. Ni kuwa ranar har ina yaba wa kaina, wai na yi ƙarfin hali.

Da ƙafar ta ƙara nauyi, Gwaggo ta ce mataccen jini ne ya taru, ta turo wanzami ya kafa ƙaho a sha-raɓa biyu. Ku duba fa, mace ba jini, mu kuma muka biya a zuƙe ɗan wanda ya rage. Abin da ya fito tsararo ne kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Wanzamin kansa ya kalle shi ya kalle ni, ya tattara kayansa da sauri.

Kwana tara bayan haka, da safe, Inna ta fito za ta bayi ta faɗi a tsakar gida. Na ɗaga ta, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta. Numfashinta sama-sama, leɓɓanta fari. Maigidan yana shirin fita mahauta, ya ajiye wuƙaƙensa, ya fice. Ya dawo ya ce ya kama mana gaban mota zuwa Sakkwato, ya kuma kira Yaya Garba. Gwaggo ta iso tana cewa hanya ce za ta ƙarasa ta, saura kwana bakwai jiƙo ya gama aikinsa. Karo na farko a zamanmu na ji maigidan ya mayar wa babba magana. Ya ce, “Gwaggo, an yi naku wata huɗu. A bari a gwada na wasu.”

Ba zan ɓata takarda kan hanya ba, wanda ya taɓa bin ta da marar lafiya a cinya ya sani. Mun isa babban asibiti bayan azahar. Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowace taga sai ka kai gabanta mai ita zai tashi. Yaya Garba ya bi layi ɗaya har ƙarshe aka ce ba nan ba ne. Ina zaune a kan benci Inna na jingine da ni, ina jin nauyinta yana ƙaruwa. Allah ya saka wa wata nas da alheri, ban san sunanta ba, gajeruwa ce mai faɗa. Tana wucewa ta kalli tafin hannun Inna, ta daka mana tsawa wai me muke jira a nan, ta jawo keken marasa lafiya da kanta ta tura ta ɗakin gaggawa. Ban taɓa jin daɗin tsawa irin ta ranar ba.

Aka ɗebi jini, aka ce wanda ya rage a jikinta bai kamata ya riƙe mutum a zaune ba. Sai an ƙara mata, kuma sai mun kawo masu bayarwa. Na ɗauki waya na bi dangi ɗaya bayan ɗaya, waɗannan dai masu kwalba a hammata. Wannan yana azumin nafila, wancan ba kuɗin mota, wani ya ce shi ma jininsa bai ishe shi ba. Wanda ya fi kowa cin nama a gidana wayarsa ma a kashe take. Yaya Garba ya bayar. Washegari maigidan ya rufe teburinsa ya biyo mu, shi ma ya bayar.

Likitar da ta karɓe mu a ɗakin kwanciya yarinya ce, ba za ta girme ni ba, har na ɗan raina ta a zuciyata. Ta duba harshen Inna, ta duba ido. Ta fito da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ta buga shi ya ɗauki rawa, ta ɗora a hannun Inna ta ce me take ji. Inna ta ce yana tsuwa. Ta ɗora a babban yatsan ƙafa. Inna ta yi shiru tana jira a ɗora. Ta koma idon sawu, shiru. Sai can wajen gwiwa Inna ta ce ta ɗan ji.

Sannan likita ta juyo ta tambaye ni abin da take ci. Wallahi har gyara zama na yi. Na zayyana mata komai da alfahari: ba nama, ba mai, ba ƙwai, ba kifi, ba nono, tukunyarta daban, ludayinta daban, ko sau ɗaya ba a yi kuskure ba. Ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari. Sai ta ajiye biro a kan takarda.

“Wata nawa kenan?”

“Huɗu.”

“Kafin nan fa?”

Na ba ta labarin fari da tafiyar shanu. Sai ta yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ake tausayi. Ta ce ƙarancin jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai na rashin sinadarin ƙarfe, shi ne wanda kwalaben kemis ke magani, kuma na Inna ba shi ba ne. Sun duba jininta a madubin asibiti, ƙwayoyin manya-manya ne amma 'yan kaɗan, kuma ba su ƙosa ba, kamar zangarniyar da ta yi tsawo ba tsaba. Wannan alamar rashin bitamin ce, musamman wanda suke kira B12. Shi kuma ba a samun sa a gero ko dawa ko kuka, sai a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Jiki yana tara shi ya ajiye na shekaru, shi ya sa ba a gane da wuri ba: Inna ta yi shekara uku tana ɗiba a rumbu ba a zubawa. Akwai ɗan'uwansa da ake samu a ɗanyen ganye, wanda doguwar dahuwa ke kashewa, shi ma da alama ya yi ƙasa. Rawayar ido kuwa daga ƙwayoyin jinin nan ne da ke fashewa tun ba su nuna ba. Ta ce ido ya yi rawaya alama ce kawai, cututtuka da yawa suna kawo ta, sai an gwada ake sanin wanne ne.

Wato duk abin da na tsaya na hana, shi ne abin da jikinta ke kuka a kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta, da na bar ta ta sha nonon nan, da ta warke? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, mai yiwuwa abinci kaɗai ba zai isa ba, domin a shekarun Inna ciki ma yakan rage tsotse wannan bitamin ko an ci, shi ya sa sai da allura. Amma hanin bai taimaka ba, zaman gida kuma ya fi komai ɓarna. Sai ta faɗi maganar da har yau ban manta ko kalma ɗaya ba.

“Jini za mu iya mayar mata da shi, in Allah ya yarda. Jijiya kuwa tana da lokacinta. Wata huɗun nan da kuka yi a gida, a ƙafarta suka sauka.”

Gwajin bitamin ɗin kansa ba a yi a nan ba, sai da aka kai jinin wani wuri a cikin gari, kuma shi ya cinye akuyar da nake kiwo. Likita ba ta jira sakamako ba, ana ɗibar jinin ta sa aka fara allura. Wata 'yar allura ce ja, ruwanta bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Na kalle ta na tuna tulin kwalabe da jarkokin jiƙon da muka ɗura wa baiwar Allah, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ana yi yau a tsallake gobe, daga baya aka haɗa mata da 'yan ƙwayoyi ƙanana na ɗaya bitamin ɗin. Sakamako ya fito bayan kwana biyar, ya tabbatar da abin da yarinyar nan da na raina ta faɗa.

Kafin sati ya cika Inna ta ce tana jin yunwa. Kwana biyu bayan haka ta ce kunun da na dama ya yi ruwa, wai har yau ban iya damu ba. Na fita baranda na yi kuka, domin na san uwata ta dawo. Harshe ya warke, ido ya washe, ta daina kira na da sunan matacciya. Ranar da na kawo mata gasasshiyar hanta, ta kalle ni ta ce, “Yau ɗan doka ya yi murabus?” Ta cinye tas. Sati uku muka yi aka sallame mu, da sharaɗin allura za ta ci gaba, a riƙa tsawaita tsakani, kuma wataƙila har iyakar rayuwarta. A Isa ba kullum ake samun ta ba, sai mun ba direba saƙo ya sayo daga Sakkwato, wata ma'aikaciyar lafiya a unguwarmu ta yi mata.

Gwaggo Ige ta zo barka, ta tarar da Inna zaune da kwanon nono a cinya. Na ɗauka za ta ji kunya. Ina! Ta ce ai dama ta faɗa saura kwana bakwai, jiƙo ya riga ya karya ciwon, 'yan asibiti ƙarasawa kawai suka yi. Na buɗe baki, Inna ta harare ni, na rufe. Yayar uba ce, ba a yi mata musu. Kuma don Allah, ban da dokarta, matar nan kullum sai ta tako ta zo a wata huɗun nan, ita ke wanke zannuwan Inna da hannunta lokacin da ni kaina na gaji. Da ƙauna ta yi abin da ta yi. Ni ma da ƙauna na yi, abin da ya fi ba ni haushi kenan.

Don haka ga amsata ga mai tambayar sunan saiwa, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa. Idan tsohonku ko mai cikinku ya yi fari, yana haki, harshe na zafi, ƙafa na kiyashi, ko ido ya canza, ku kai shi inda za a duba jinin da gaske, ku gaya wa likita abin da yake ci ba tare da kunyar talauci ba. Kada ku hana shi komai sai wanda ya gwada ya ce a hana. Idan shekara ta yi tsanani, ku lura da kwanon tsofaffi, domin su ne ke miƙa wa yara nasu su ce sun ƙoshi.

Jinin Inna ya cika cikin wata biyu, kamar yadda aka ce. Ƙafar ce muka zuba wa ido. Ta tashi daga kwance zuwa dafa bango, daga bango zuwa sanda. Likita ta ce a ba ta shekara, abin da ya dawo ya dawo. Shekarar ta cika a watan jiya.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi suna a bayan layinmu, Inna ta ce da ƙafarta za ta. Na ce a kira babur, ta ce in kira wa kaina. Ta ɗauki sanda ta fita da rana tsaka, ina biye da ita. Tana tafe tana amsa gaisuwa, mata na leƙowa suna barka, fuskarta cike da murna. Mun kusa shan kwana na lura ƙafarta ta hagu ba takalmi. Na waiga, ga shi can baya kusa da ƙofar gidanmu. Duk tsawon layin nan a kan rairayi mai zafi ta taka, wanda ni ko da takalmi ina jin sa, ita ba ta sani ba.

Na koma da gudu na ɗauko, na durƙusa gabanta. Ta sunkuyo tana kallon ƙafar kamar ta wani.

“Tun ina yaf fita?”

“Tun ƙohwar gida, Inna.”

Na jira ta ce wani abu game da wata huɗun nan, ko sau ɗaya, in samu in roƙi gafara. Ba ta ce ba.

“To, ki ɗaure mani shi,” ta ce. “Ba ni komawa ɗaki.”

Na yage bakin gyalena na ɗaure, muka ƙarasa gidan suna. Da muka dawo na zauna a keke na ɗinka wa duk takalmanta maɗauri a dunduniya. Yanzu kowace safiya ni ke durƙusawa in ɗaura mata. Nakan riƙe ƙafar in ɗan matsa kafin in saki, ita kuma tana can tana ba ni labarin wani abu daban, ba ta jin hannuna.